Maganar da Ban Fassara wa Hajiya Yakura Ba

Ranar Laraba 12 ga watan Fabrairun 2025, daidai da 13 ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Hajiya Yakura Umara, tsohuwar ungozomar nan ta garin Gure. Ta cika a cikin motar asibiti a kan hanyar Damagaram, jim kaɗan bayan an wuce Gidigir, gab da azahar. Tana da shekara sittin da takwas. Motar ta juyo da ita gida, aka yi mata sutura bayan la'asar. Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma idan ranarsa ta zo.

Hajiya, shekara goma sha huɗu ke nan ina auren ƴarki Sa'adiyya, ban taɓa furta sunanki ba. Yau na fara rubuta shi, a layin farko na wannan takarda, kuma sai da na daɗe ina kallonsa. Ke ma ba ki taɓa kiran nawa ba. Da farko "mai jarida" kike cewa, da aka haifi Barira na koma "Baban Barira". Idan na zo gaishe ki a bakin ƙofa nake durƙusawa, ke kina ciki, idonki a kan tabarma, nawa a kan takalmina, mu yi gaisuwa har ta ƙare in tashi. Duk wata magana mai nauyi ta bakin Sa'adiyya take bi. Haka muka taras ana yi tsakanin suruki da suruka, haka muka yi, kuma abin bai taɓa damuna ba sai wannan wata.

Ba don yabo kaɗai nake wannan rubutu ba, ko da yake kin cancanci yabon. Tun ranar da aka binne ki ake ta faɗa a Gure cewa aikin da aka yi miki a Yamai ne ya kashe ki, wai an cusa miki roba a jijiya ta fashe. Ƙanwarki Fanna ta ji wannan magana ta kuma yarda da ita. Ita ma an ba ta ranar yin irin wannan aiki, Litinin 3 ga watan Maris, saboda ciwon sukari ya toshe mata jijiyar ƙafar hagu, babban yatsanta ya fara baƙi. Likita ya ce idan ba a buɗe jijiyar ba, yanke ƙafar za a yi. Ranar da na iso ta'aziyya, saƙon farko da ta aiko mini shi ne a mayar wa mutanen Yamai ranarsu, ba ta zuwa. Ni ne na san yadda abin ya faru tun daga farko, domin ni aka yi wa bayani. Don haka zan faɗe shi yadda yake, da rabon kowa a ciki, kuma nawa rabon ya fi na kowa.

Amma bari in fara da ke.

Shekara arba'in kika yi kina karɓar haihuwa. Ba ki yi lakwal ba, wato makarantar boko. Horon ƴan makonni aka ba ki, a zamanin da ake miƙa wa ungozomomin ƙauye ɗan akwati mai almakashi da zare da sabulu. Sauran a gwiwa kika koye shi, a ɗakunan mata, daga unguwannin Gure zuwa ƙauyukan Bune har rugagen Alakoss. Da aka zo zamanin da aka ce a daina haihuwa a gida, ba ki yi fushi ba kamar wasu. Kika koma mai rakiya: ki je ki ɗauko mai naƙuda ki kai ta ɗakin haihuwa, ki tsaya a kanta har ta sauka. Ƴan matan da ake turowa aiki daga Dosso da Tawa, waɗanda suka fito makarantar jinya ba su jin Barbarci ko kalma ɗaya, a wurinki suka koyi yadda ake tambayar mace inda ke mata ciwo.

Labarin da aka fi bayarwa a zaman makokinki shi ne na Kaltumi, wata mata daga wani ƙauye a bayan Bune. Ta haihu da hantsi, jini ya ƙi tsayawa. Aka samu wata tsohuwar motar ɗaukar kanwa aka shimfiɗe ta a baya. Kika durƙusa a kanta, kika dunƙule hannu kika danna mata mara, ba ki ɗaga ba har Gure, tafiyar sa'a uku a cikin rairayi. Da aka sauke ta hannunki ya ƙi buɗewa. Fanna ta ce kwana biyu ita ke ba ki tuwo a baki. Kaltumi ta zo zaman makoki da jikokinta huɗu, ta zauna a gefe tana hawaye. An ce idan kina koya wa yaran ungozomomi, abin da kike maimaita musu ke nan: idan jini ya ɓalle a danne shi, kada a tsaya kallo, kada kuma a ɗaga don a duba ko ya tsaya.

An kuma san ki da wani hali da mazan garin ba su so. Idan miji ya kawo matarsa ya fara bayani a madadinta, sai ki ɗaga masa hannu ki ce, "Kai ne mai cikin? Matsa can, bari ta faɗa da bakinta." A ɗakin haihuwa ba ki san kewaye-kewaye ba. Kowace gaɓa da sunanta kike kiranta, ki ce kunya a bakin ƙofa ake ajiye ta tare da takalmi, idan an fito a ɗauka. Ni ma ban tsira ba. Wata shekara aka karanta wani sharhina a rediyo, kika saurara har ƙarshe, kika ba Sa'adiyya saƙo: "Ki gaya wa Baban Barira na ji shi. Amma in ya sake, ya yi maganar da mai kan jaki zai gane." Na yi dariya a lokacin. Saƙon ya zo ne tare da ƙullin dabino da busasshen nama, kamar kowane saƙonki, domin ba ki taɓa aiko da faɗa hannu banza ba.

A ƙarshen watan Janairu kika zo Yamai sunan ɗanmu na uku. Kwana biyu bayan suna kina tankaɗe, ƙirjinki ya riƙe, zufa ta karyo miki. Sa'adiyya tana jego, don haka ni na kai ki wani asibitin zuciya. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarki ta tsuke, dole a buɗe ta. Ba yanka ake yi ba. Ana huda babbar jijiyar jini, a zura siririn tiyo ya bi ta ciki har zuciya, a buɗe wurin da ya tsuke, a bar ɗan ƙarfe mai kama da raga ya tokare shi. Sun so su shiga ta wuyan hannu, jijiyar ta yi musu ƙanƙanta, sai suka shiga ta matsematsi, inda cinyar dama ta haɗu da mara. An yi aikin ranar Litinin 3 ga Fabrairu, kuma ya yi kyau. Kina kan gadon ma ba ki manta da Fanna ba. Takardun ƙafarta da aka rubuto daga Damagaram suna cikin jakarki, kika sa aka nuna wa likitan, ya duba ya ba ta rana.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abu ɗaya a nan. Idan an zare tiyon, ana barin huji a jikin jijiyar da jini ke gudu da ƙarfi a cikinta. Hanyar da aka saba ita ce ma'aikaci ya danne wurin da hannu na tsawon lokaci, a ɗaure tam, wani lokaci a ɗora jakar rairayi, majinyaci ya kwanta rigingine sa'o'i da yawa ba motsi. Sabuwar hanyar ita ce a toshe hujin nan take da wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ɓari ɗaya yana kamawa ta cikin jijiya, ɗaya ta waje, zare ya haɗa su ya matse hujin a tsakiya. Jiki yana narkar da shi a hankali cikin kamar wata uku. Likitan ya kira shi bushon, irin na kwalba. Ni toshi zan ce. Shi aka sa miki. Da wata ma'aikaciya ta ce miki kin huta da jakar rairayi, kika ce, "Ai da kun faɗa, da na taho muku da buhu. Rairayi ne bai yi mana kaɗan ba a Gure." Bayan sa'a biyu kika tashi zaune, washegari aka sallame mu.

A ranar sallamar ne abin ya lalace, kuma a gabana.

Likitan ya shigo da takarda da wani ɗan kati. Ya gaishe ki da hannu, sannan ya juyo wurina, domin ni ne mai tabarau da alƙalami a aljihu. Da Faransanci ya yi bayanin, kuma bai rage komai ba, wannan shaida ce da zan ba shi. Ya ce toshin yana rufe hujin, amma wurin bai warke ba tukuna, kuma magungunan da zai ba ki suna tsinka jini. Har mako guda kada ki tsuguna, kada ki durƙusa, kada ki ɗauki abu mai nauyi, kada ki yi yunƙuri. A riƙa duba matsematsin safe da yamma. Idan aka ga kumburi, musamman mai harbawa kamar zuciya, ko wurin ya yi baƙi yana yaɗuwa, ko ciwo ya kama mara ko baya, ko ƙafar ta yi sanyi, to kada a gasa, kada a murza. A kwantar da ke, a danne wurin da ƙarfi, a garzaya asibiti. Katin kuma ya zauna a jikinki wata uku, duk ma'aikacin lafiyar da ya gan ki a nuna masa. Ya ce ya fi so ki yi mako guda a Yamai ya sake ganinki kafin doguwar tafiya. Daga nan ya ce da ni, "Ka fassara mata."

Na juyo. Kina zaune a bakin gado kin ja mayafi, idonki a ƙasa. Na buɗe baki, sai na ga kalmar farko da zan faɗa ita ce matsematsi, ta biyu tsuguno, kuma surukata zan faɗa wa. Shekara ashirin ina aikin jarida. Na yi wa ministoci tambayoyin da suka sa aka kore ni daga ɗakin taro. Amma a ranar abin da ya fito daga bakina shi ne, "Hajiya, ya ce an yi nasara. Ya ce ki huta sosai, kada ki yi aikin wahala."

Kika ce, "To, madalla. Allah Ya saka masa."

Likitan ya yi magana ta kusan minti biyar, ni na yi ta daƙiƙa biyar. Ya ga haka, ke ma kin ga haka, babu wanda ya tanka. Na ce a raina idan mun je gida zan zayyana wa Sa'adiyya ta faɗa miki. Da muka je gidan cike yake da ƴan barka, kina zaune a ɗakinta, na maimaita mata abin da na faɗa miki, na ce sauran sai an watse. Ba a watse ba sai da na fita aiki. Na kuma lallashi kaina da cewa ke ungozoma ce, kin fi ni sanin jini. Ban tsaya na yi tunanin cewa ba ki taɓa ganin irin wannan huji ba, kuma abin da kike gani a fatarki ɗan tabo ne da bai kai na sakiya ba. Ina jin ke ma kin ce a ranki, mai ilimi ne, da akwai wani abu da ya faɗa.

Ranar Laraba kika ce gida za ki. Rahama, ƴar maƙwabtanku, cikinta na fari ya tsufa, kuma kin yi wa uwarta alkawari. Na ce ta bakin Sa'adiyya likita ya so ki ƙara kwanaki. Kika ce hutu ne ya ce, kuma a ɗakinki kika fi hutawa. Ban iya yi miki musu ba, domin hujjar musun tana cikin maganar da ban faɗa ba. Muka kama hanya ranar Alhamis a motata, kilomita dubu da ɗoriya, kina zaune a baya ƙafa a naɗe. A Ƙonni na ga kin yi sallar azahar a zaune. Gab da Maraɗi na hango ki ta madubi kina gyara zama kina cije leɓe. Na ce, "Hajiya, lafiya?" Kika ce, "Lafiya lau, gajiyar mota ce." Na karɓi amsar da sauri, domin ita nake so in ji. Mun kwana a Maraɗi, muka shiga Gure ranar Juma'a da yamma. Asabar da safe na durƙusa a bakin ƙofa na yi miki sallama. Katin da takardar suna cikin akwatin gaban motata. Da su na koma Yamai.

Sauran labarin daga bakin Fanna na ji shi. Ranar Lahadi da hantsi naƙuda ta kama Rahama. Kika je, kika durƙusa a gabanta kusan sa'a guda kina duba ta, sannan kika tallafo ta ke da uwarta kuka ɗora ta a amalanke zuwa ɗakin haihuwa. Ta sauka lafiya, ɗiya mace. Da kika dawo kika ce wa Fanna kaluluwa ta fito miki, tun a hanyar dawowa daga Yamai kike jin ta, yau ta ƙaru. Fanna ta yi abin da kowace ƴar'uwa a garin nan za ta yi wa kaluluwa. Ta dafa ruwa, ta tsoma tsumma ta gasa miki, ta murza da man kaɗanya, safe da yamma, Litinin da Talata. Ta ce ta ji abin yana motsi a ƙarƙashin hannunta, ta ɗauka ruwa ne yake tarawa zai fashe a huta. Ba kaluluwa ba ce. Jini ne ke tsiyaya daga jijiyar yana taruwa a ƙarƙashin fata.

Laraba da safe kika tashi za ki yi alwala, kika faɗi. A asibiti abin da ƴan rakiya suka iya faɗa shi ne an yi miki aikin zuciya a Yamai, don haka zuciyar aka fara dubawa. Sai da wata ma'aikaciya ta ɗaga zanenki ta ga cinyar ta kumbura ta yi baƙi har gwiwa. Majo Husseini, babban ma'aikacin jinyar da ke aiki ranar, wanda ya zo daga Dosso shekaru goma da suka wuce ya koyi Barbarcinsa a wurinki, shi ya kira ni. Bai tsaya gaisuwa ba.

"Ta ina aka shiga? Me aka sa mata a wurin? Ba su ba ku kati ba?"

Na fita da gudu zuwa mota, na buɗe akwatin, na karanta masa katin ta waya daga nisan kilomita dubu. Da na gama ya ce, "To. Ka yi mata addu'a." Sun ɗaura miki ruwa, sun ƙara miki jini, suka sa ki a mota zuwa Damagaram inda ake da masu ɗinke jijiya. Majo da kansa ya hau, ya durƙusa ya dunƙule hannu ya danne wurin. An ce bai ɗaga ba har bayan da direba ya tsaya a gefen hanya.

Na san abin da za a ce, an kuma faɗa mini shi sau da yawa a kan tabarmar makoki: kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka. Amma imani da ajali bai taɓa hana Hajiya durƙusawa sa'a uku a bayan motar kanwa ba, kuma ba zan ɓuya a bayansa ba. Tun da na koma ga takardu na karanta abin da na samu a kan wannan toshi, na kuma tambayi likitoci biyu. Abin da na fahimta shi ne yana rage wa majinyaci wahalar doguwar kwanciya, yana sa a sallame shi da wuri, kuma mafi yawan waɗanda aka sa wa ba su ganin wata matsala. Amma ba ya kawar da haɗari gaba ɗaya, shi ko danna hannu. Wani lokaci wurin yana tsiyaya ko an kiyaye. Babu wanda zai iya rantsewa cewa da na yi fassarar da ba ki yi jini ba. Abin da likitocin biyu suka haɗu a kai shi ne, irin wannan kumburi idan an kai shi da wuri ana gane shi da na'urar duba ciki, kuma sau da yawa ana magance shi. Kwana uku kika yi da shi a gida, ko fiye. Kwanakin nan su ne abin da ke hana ni sukuni.

Kuma abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne, na'urar ta yi tafiya mai nisa kafin ta iso jikinki. An ƙera ta a wata ƙasa, an yi jigilarta, an horar da mai sa ta, an buga mata kati. Duk wannan ya yiwu. Abin da ya gagara shi ne taku biyu tsakanin bakin likita da kunnenki. An ƙirƙiro ta ne don mutum ya tashi da wuri ya koma gida, amma masu ƙirƙirar suna tunanin gidan da ke bayan asibiti, mai kujerar zama a ban-ɗaki, ba gidan da ke ƙarshen tafiyar kwana biyu ba, inda ake tsugunawa a yi wanka, a tsuguna a hura wuta, a durƙusa a gaida manya. Takardar sallama da Faransanci kaɗai take. A asibitin akwai mata ma'aikata masu jin Hausa, ɗaya ma ta yi miki wasan rairayi. Babu wanda ya ce ta zauna da ke minti biyar a rufe ƙofa. An ga namiji mai ilimi, an ɗauka saƙo ya isa. Babu wanda ya tambaya mene ne shi a wurinki. Da an tambaya, duk Bahaushe ko Babarbaren da ke ɗakin zai san cewa an ba da saƙon ga mutum ɗaya tilo da ba zai iya isar da shi ba.

Ba ina cewa a zubar da kunya ba. Ita ta riƙe ni da ke shekara goma sha huɗu ba mu taɓa saɓawa ba. Amma ke kin san inda ake ajiye ta, kin kuma faɗa wa garin nan shekara arba'in. Ni ne na shiga da ita har bakin gadonki.

Ranar addu'ar bakwai, bayan maza sun watse, na ce wa Sa'adiyya ta nemar mini izinin shiga wurin Fanna. Ita ma surukata ce, ban taɓa zama a ɗakinta ba. Na same ta da mata biyar, ƙafar a miƙe a kan matashi an rufe ta da ƙyalle. Tun rasuwar ba ta cin abin kirki. Ta gaya wa Sa'adiyya cewa ko robar Yamai ce ta kashe ki, ko hannunta, kuma ba ta san wanda ya fi mata sauƙin ɗauka ba. Na wuce bakin ƙofa na zauna a ciki. Matan suka fara haramar tashi, na roƙe su su zauna. Na fito da takardar na fassara ta daga farko har ƙarshe, layi bayan layi, da matsematsin da tsugunon da komai. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki. Ban tsaya ba. Da na gama na ce, "Inna, wannan shi ne abin da aka ce in faɗa wa Hajiya. Ban faɗa ba. Ke kin yi mata abin da kika sani. Ni na san wannan, na yi shiru."

Ta dubi takardar da ke hannuna. Sannan ta ce, "Ashe cewa aka yi kada a gasa."

Na ce, "Haka aka ce."

"Kuma kai kana da shi a mota."

"Ina da shi."

Ta kalle ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Duk karatun nan naka, Baban Barira." Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma bukatar ƙarasawa. Can ta ce in sake karantawa a hankali, Sa'adiyya ta riƙa mayar mata da Barbarci. Na sake. Ta tsayar da ni sau uku da tambaya: kwana nawa ba tsuguno, yaya za ta yi salla, wa zai riƙa duba mata wurin. Da muka gama ta janye ƙyallen ta dubi yatsanta.

Ta ce, "Ranar nan da suka bayar, ka mayar musu?"

Na ce ban mayar ba.

"To bar ta. Amma ba kai za ka tsaya mini ba, Sa'adiyya za ta shiga da ni. Kuma ka gaya wa likitan naku, in zai yi magana ni zai duba. Ni ce mai ƙafar."

Hajiya, muryarki na ji. Za mu taso da ita ranar Alhamis, kuma ba za ta bar Yamai ba sai likita ya sake ganinta ya ce ta tafi. Katinta a wuyanta zai zauna, ta riga ta sa an ɗinka masa ƴar jaka irin ta laya. Fassarar da na yi na ba Majo Husseini kwafi, ya ce zai sa a mayar da ita Barbarci a riƙa karanta wa duk wanda aka tura irin wannan aiki. Na aika wa likitan ma. Shafi ɗaya ce. Ta zo a makare da kwana goma sha biyar.

Ya Allah, ga baiwarKa Yakura ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta ɗauka a ɓoye ya zama kankarar zunubi. Duk ran da ya shigo duniya ta hannunta, da duk uwar da ta tashi daga shimfiɗar haihuwa saboda ita, Ka sa su a mizaninta. Ka sada ta da iyayenta da mijinta a Aljannar Firdausi. Ni kuma Ka yafe mini shirun da na yi, Ka sa ta yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Fanna, Allah Ya ba ta haƙuri Ya tashi kafaɗarta. Ga matata Sa'adiyya da ƙannenta Issa da Hamsatu, da jikoki baki ɗaya. Ga Majo Husseini da abokan aikinsa, Allah Ya saka musu da alheri. Ga matan Gure da Bune da Alakoss, waɗanda suka rasa mai tsaya musu. Da kuma Rahama, wadda aka raɗa wa ɗiyarta suna ranar Lahadin da ta wuce, aka sa mata Yakura. Allah Ya raya ta, Ya ba ta bakin mai sunan.

Ibram Modu
Gure, 23 ga Fabrairu, 2025